Wasan Kwaikwayo a Wurin Aiki: A Bar Ma'aikata Su Hau Dandali

Duk wanda ya taɓa zama a taron bita na ma'aikata ya san yadda ake yi. A tara mutane a ɗaki, a kunna majigi, wani masani ya yi ta karanto rubutu daga bango, wasu na latsa waya, wasu na jiran abinci da kuɗin mota. An yi bayani kan tafiya da kowa ba tare da wariya ba, an yi bayani kan kula da muhalli, an ɗauki hoto, an watse. Washegari mai keken guragu ya zo ya tarar da matakala tana nan yadda take, janareta kuma na ta ruri saboda ofisoshin da babu kowa a ciki.

Wannan ne ya sa wasu kamfanoni suka koma ga 'yan wasan kwaikwayo. A Afirka ta Kudu, tun shekarun 1990 ake kai wasa cikin masana'antu da wuraren haƙar ma'adinai don faɗakar da leburori kan haɗurran aiki da cutar ƙanjamau. A Faransa da Ingila akwai ƙungiyoyin da sana'arsu ke nan. Sukan zauna da ma'aikata, su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, su mayar da shi ɗan gajeren wasa, su nuna a ɗakin taro ko wurin cin abinci.

Salon da ya fi tasiri ya fito ne daga hannun Augusto Boal, mutumin Burazil, wanda gwamnatin soja ta kama a 1971 har ya yi gudun hijira. A 1973 yana aiki da wani shirin yaƙi da jahilci a ƙasar Peru. A lokacin 'yan kallo kan ba da shawara ne daga wurin zamansu, 'yan wasa su gwada. Ran nan ana wasa kan matar da mijinta ya ci amanarta, sai wata mata ta yi ta ba da shawara, ana gwadawa tana cewa ba haka take nufi ba. Da abin ya ishi Boal sai ya ce ta hau ta nuna da kanta. Ta hau kuwa, ta nuna. Daga nan ya gane cewa wanda abin ya shafa ya fi kowane ɗan wasa sanin inda ke masa ciwo. Tsarin ya zama haka: a nuna wasan sau ɗaya ya ƙare da matsala, a sake farawa, duk wanda ya ga inda aka kuskure ya ce a tsaya, ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa dabarar. Sauran 'yan wasa kuma ba sa sauƙaƙa masa, sukan yi masa gardama kamar yadda shugaba na gaske zai yi.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, amma saƙo ya isa inda aka aika shi. Tashe ma haka yake, yaro ya sa gemun auduga ya nuna wa unguwa halinta, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, irin su Michael Etherton, da ɗalibansu suka riƙa shiga Samaru da garuruwa irin su Soba da Maska da Bomo suna tsara wasa da Hausa kan matsalolin manoma. Oga Steve Abah ya ci gaba da wannan aiki shekaru masu yawa. Abin mamaki, mun kai wasa ƙauye mun kai kasuwa, amma mun bar ofis da masana'anta, alhali nan ne aka fi jin tsoron buɗe baki.

Masinja ba zai iya tashi a gaban darakta ya ce ana wulaƙanta shi ba. Matar da aka hana ƙarin girma saboda ta je hutun haihuwa za ta haɗiye ne, don tana tsoron a ce ta cika ƙorafi. Amma a ce an nuna wasa: kurma ya zo neman aikin akawu, takardunsa sun fi na kowa, masu tantancewa suna ta magana da ɗan rakiyarsa kamar shi ba ya wurin, a ƙarshe a ce ya je za a neme shi. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa a ɗakin ya san teburin da ake nufi. Idan aka ce wa zai hau ya gyara, a nan ake jin abin da ba a taɓa rubutawa a rahoto ba.

Kuma batun ya wuce tausayi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata 6. Ta nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya leƙa ma'aikatar da ke kusa da shi ya ƙirga matakalu.

Batun muhalli ya fi wuyar sawa a wasa, don ba ya da mugu guda da za a nuna da yatsa. Masu wasa da yawa sukan ɓuge da wa'azin ɗumamar yanayi, jama'a su yi hamma. Gara a sauko ƙasa. An daɗe ana kuka da gurɓataccen ruwan da masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai ke saki a Kano, ruwan da ke gangarawa inda ake noman rani. A nuna lebura da aka umarta ya buɗe bututu da daddare, alhali yayansa na noman latas a ƙasan rafin. Ya ƙi, ya rasa aiki; ya yi, ya cuci gida. Wannan wasa ba mai yin barci a cikinsa.

Sai dai akwai tarko. Barkwancinmu ya saba mayar da makaho da gurgu da mai in'ina abin dariya, kuma ɗan wasa idan ya ji an fara tafi yakan zarce. Wasan da aka shirya don kare mutum sai ya koma tozarta shi a gaban abokan aikinsa. Maganin wannan shi ne a sa masu buƙata ta musamman cikin tsara labarin, su fito da kansu idan sun yarda. Tarko na biyu ya fi muni: shugabanni su biya kuɗin wasa, su buɗe taro, su fice. Boal da kansa da ya ga wasa kaɗai bai isa ba, sai ya shiga majalisar birnin Rio de Janeiro a 1993, inda aka mayar da wasu shawarwarin 'yan kallo dokoki.

Don haka mai kamfani ko shugaban ma'aikata da ke son gwada wannan hanya, ya zauna har a tashi, ya sa a rubuta duk shawarar da aka kawo, ya tabbatar ba a hukunta kowa kan abin da ya faɗa a dandali ba. Kafin a watse kuma ya faɗi abu ɗaya da zai gyara, da ranar da zai gyara shi.