Gashin jiki da safa da shinkafa

Wanda ya yini yana noma ko ɗaukar kaya ya san yadda gadon baya da kafaɗu ke yin tsami da daddare. Gashi na rage wannan ciwon, domin zafi yana buɗe hanyoyin jini, jini ya ƙara gudana a wurin, tsokar da ta ɗaure ta saki.

Haɗa abin gashin ba wuya. A samu safa mai tsabta ta auduga, a zuba mata ɗanyar shinkafa kamar kofi biyu, a ƙulle bakinta tamau. Lallai ta auduga, don ta roba tana iya narkewa. Mai na'urar ɗumama abinci sai ya sa ta na minti 1 zuwa 2. Wanda ba shi da ita ya ɗumama shinkafar ko gishiri a busasshen kasko, yana juyawa, sannan ya ɗura a safar.

Kafin a ɗora, a gwada a cikin damtse. In ta yi zafin da fata ba za ta jure ba, a naɗe ta da tawul. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar, kuma kada a yi barci da ita a jiki.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne gasa sabon targaɗe. Wurin da ya kumbura ƙanƙara yake buƙata a kwana biyun farko, zafi ƙara kumburin yake yi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta rage jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba, don haka ya tuntuɓi likita tukuna.