Fari ko shuɗi: wane fenti ya dace da ɗakinka?

Ka gama yaɓen ɗaki, saura fenti. Mai shago ya nuna maka gwangwani biyu: fari da shuɗi mai duhu. Kada ka yi gaggawa. Abin da ka shafa yau, da shi za ka zauna shekara da shekaru.

Farin bango yana maido da haske. In haske kashi 10 ya faɗa kansa, wajen kashi 8 yana dawowa cikin ɗaki. Shuɗi mai duhu kuwa shanye haske yake yi, da ƙyar ya maido kashi 2. To ka gani, ga fitila guda, ga taga guda, amma a farin ɗaki kana iya karanta wannan littafi da dare, a shuɗin ɗaki sai ka matso da fitila har gaban hanci. Ido yana gajiya. Mai ɗinki ma hakanan.

Akwai wata magana kuma. Sauro yana son wuri mai duhu, can yake laɓewa da rana. A farin bango kana ganinsa. Kana ganin kunama tun ba ta kai ga tabarmar yaro ba. Amma fa fari ba ya korar sauro, gidan sauro shi ne magani.

Aibin fari kowa ya san shi. Hannun yara, hayaƙin fitila, ƙurar hunturu, duk suna bayyana. In farar ƙasa ce ka shafa, tana da araha, sai dai tana kama riga, kuma tana son sabuntawa. Shuɗi yana ɓoye dauɗa. Ɓoyewa ne kawai, dauɗar tana nan.

Wasu suna cewa shuɗi ya fi sanyi. Ga ido ne. Zafin ɗaki daga rufi da bangon waje yake shigowa.

Ka duba gidan likita ko ajin makaranta. Sau da yawa ƙasan bango fentin mai ne mai duhu, sama kuwa fari. Ƙasa ana wanke ta da sabulu, sama tana ba da haske. Ni dai wannan dabara na fi so. Sai dai fentin mai yana son bangon siminti da ya bushe sarai, a kan laka ɓarewa yake yi. In ya ɓare, ka share, kada yara su kai baki, don wani fentin yana da dalma.

Kafin ka sayi da yawa, shafa kaɗan faɗin tafin hannu biyu. Ka dube shi da hantsi, ka sake dubawa da fitila bayan lisha.