Ƙyallin Fentin Mota: Kimiyyar da ke Cikin Gogewa da Inji

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, ko ya ratse zuwa Rabah, a tsakanin watan Nuwamba da Fabrairu, zai ga motocin haya da na dakon albasa da shinkafa sun yi fururu da ƙurar hunturu. Da zarar an tsaya a tasha sai yaron mota ya ɗauki busasshen tsumma ya shiga share jikin motar. Bayan shekara biyu ko uku sai a ga fenti ya dushe, darajar motar ta faɗi a idon mai saye. Idan aka kai ta wurin mai fenti ya bi ta da injin gogewa, sai ta fito tana walƙiya, alhali bai ƙara mata ko ɗigon fenti ba. Ilmin kimiyya yana da bayanin wannan al'amari.

Me ke kawo ƙyalli?

Ƙyalli yana zuwa ne daga yadda haske ke komawa bayan ya sauka a kan abu. Misali mai sauƙi yana madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a kan kogin Rima a 1984. Da sanyin safiya, lokacin da ruwa ke kwance, akan ga hoton sama da bishiyoyi a cikinsa sarai, domin hasken da ya sauka yana komawa ta fuska guda. Idan iska ta taso ta kaɗa ruwan, sai hoton ya ɓace, saboda kowace igiyar ruwa tana jefa haske ta wata fuska dabam. Fenti ma haka yake. Tsawon zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin maikiromita 0.4 zuwa 0.7 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Saboda haka karcen da ido ba ya iya rarrabewa ya isa ya warwatsa haske. Masu bugun shadda sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida: bugu yana kwantar da zaren tufa ya yi sumul, sai sheƙi ya fito.

Yadda fentin mota yake

Fentin motocin zamani hawa uku ne. Na ƙasa shi ke manne wa ƙarfe yana hana tsatsa, na tsakiya shi ke ɗauke da launi, na sama kuma garau yake kamar gilashi, ba shi da launi. Kaurinsu gaba ɗaya yakan kai maikiromita 100 zuwa 150, hawan sama kaɗai kuwa 35 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin gashin kai guda ba. A cikin wannan siririn hawa ake sanya sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙuna, wanda ake kira altarabayolet, don kada launi ya koɗe. Tsofaffin motoci da yawa ba su da wannan hawa na sama, shi ya sa idan aka goge su akan ga launi ya biyo soso.

Abokan gabar fenti

Babban abokin gaba a gabashin Sakkwato shi ne ƙurar hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da ƙasan wani babban tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. A cikin tafkin an yi wasu ƙananan halittu dangin gansakuka masu suna dayatom, waɗanda ke gina wa kansu ɓawo da sinadarin silika. Ɓawon nasu ne ya taru ya zama farar ƙasar da iska ke kwasowa, haɗe da ɓarɓashin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ƙwayar yashi tana mataki na 7 cikin 10, ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Ke nan share mota da busasshen tsumma daidai yake da bin ta da sanfefa. Bayan ƙura akwai zafin rana, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da kashin tsuntsaye mai ɗauke da asid, da ruwan rijiya ko na kogi da ke barin tabon gishiri idan ya bushe a jikin mota.

Aikin injin gogewa

Injin gogewa faifai ne mai juyawa, an ɗaura masa soso ko ulu. Akan shafa man gogewa, wanda ke ƙunshe da garin dutse mai laushin gaske, galibi sinadarin alumina. Yayin da faifan ke juyawa, garin yana kankare saman fentin har tudun ya sauko daidai da gindin karcen. Abin lura a nan shi ne, gogewa ragewa ce: kowace gogewa mai sauƙi tana cinye maikiromita 2 zuwa 5. Akan fara da mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi, domin kowane mataki ya share sawun wanda ya gabace shi. Abin mamaki kuma, ƙasar dayatom ɗin nan, idan aka tace ta ta yi laushi, ana amfani da ita wajen goge ƙarfe.

Ƙwararren mai gogewa yana kiyaye wasu ƙa'idoji. Yakan wanke mota da ruwa mai yawa tukuna, domin ƙwayar yashi guda a cikin soso za ta zana da'ira a ko'ina. Yakan yi aiki a inuwa, jikin mota da sanyi, yana ɗaukar fili kaɗan-kaɗan, kamar kamu ɗaya ta kowane gefe. Yakan ajiye gudun inji wajen juyi 1,000 zuwa 1,500 a minti, kuma ba ya barinsa wuri guda, saboda gogayya tana haifar da zafin da zai iya ƙona fenti cikin 'yan daƙiƙoƙi. Gefen ƙofa da kusurwoyi sun fi haɗari, domin fentinsu ya fi siranta. Idan farce ya maƙale a cikin karce, to ya yi zurfin da gogewa ba za ta gyara ba, sai dai sabon fenti. Wajibi ne kuma ya rufe hanci da ido, ya nisanta wayar lantarki daga ruwa.

Kariya bayan gogewa

Bayan gogewa akan shafa kaki, dabarar da tsirrai suka riga ɗan Adam sani. Ganyen albasa yana da siririn kaki da ke hana shi asarar ruwa, shi ya sa raɓa kan dunƙule ta gangare a kansa. Kakin mota mafi shahara, karnuba, ana samunsa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil. Ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80, alhali kakin zuma kan narke wajen digiri 63, zafin da rufin baƙar mota ke iya kaiwa da tsakar rana.

Gwaji a makaranta

Malami zai iya samo tsohon marfin roba mai sheƙi, ɗalibai su goga rabinsa da yashi, sannan a haska tocila a kai, a kwatanta ɓangarorin biyu. Daga nan a ɗiga ruwa a inda aka karce. Sheƙi zai dawo saboda ruwa ya cike ramukan, ya kuma tafi idan ruwan ya bushe.

Kammalawa

Tunda hawan sama bai wuce maikiromita 50 ba, gogewa tana da iyaka, kuma wanda ya yawaita ta zai wayi gari fenti yana ɓarewa, tsatsa ta sami ƙofa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kurkure ƙura da ruwa kafin a sa tsumma, da ajiye mota a inuwa, da shafa kaki kafin shigowar hunturu, sun fi araha ga direban Wurno ko na Rabah a kan kuɗin sabon fenti.