Ingilishin kwaleji da kunnen ɗan kasuwa

Duk wanda ya taɓa raka lodin albasa daga fadamun Azarori da Madawa zuwa Kumasi ta ƙasar Gana, ko ya ƙetara Ƙwanni ya nufi kudancin Nijeriya, ya san akwai inda Hausa take ƙarewa, Faransanci kuma ba ya sayen ko ruwan sha. A nan ne Alhaji yake waiwayen yaronsa da ya yi kwaleji, ya ce masa: “To, kai da ka yi boko, mi ya ce?” Sau da yawa sai yaro ya yi tsuru-tsuru, alhali kuwa shekara 4 ya yi yana koyon Ingilishi, tun daga siziyam har jarrabawar BEPC.

Ba rashin ƙoƙari ba ne. Da ido ya koyi harshen, bisa allo da littafi, kuma da ƙa'idar karatun Faransanci yake furta shi. Abin ban dariya, yaron da ya tashi yana cewa “hannu” da “hanya” ba gargada, shi ne zai haɗiye harafin h na kalmar “hand”, domin a lakwal an koya masa cewa h ba ta magana. Haka yake yi wa s ta ƙarshen kalma, sai buhuna da yawa su koma buhu guda a kunnen mai saye.

Hausarmu ma tana da nata rabon. Ba mu raba p da f. Shi ya sa “passenger” ya zame mana fasinja, “petrol” ya koma fetur, mutumin Adar kuwa “tahi” yake cewa inda Bakano yake cewa “tafi”. Saboda haka “pull” da “full” duk ɗaya muke jin su. Kuma bakinmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani: ta haka “bread” ya zama burodi.

Amma inda abin yake taɓa aljihu shi ne ƙidaya. A ce mai saye ya bugo waya yana son buhu “fifteen”, watau 15, yaro ya ji “fifty”, aka yi lodin 50. Wa zai ɗauki asarar buhu 35 na albasa, kayan da ba ya jiran kowa? Bambancin yana ga inda ake danna murya: a ta farko ƙarshen kalma ake ja a ɗaga, a ta biyu farkonta. A nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a, domin kunnen da yake raba kukan yaro da kukar miya ta hawa da saukar murya kaɗai ba zai kasa wannan ba, in an nuna masa.

Ma'aikatan hukuma kada su ce wannan zancen ƴan kasuwa ne. Kundin da aka ƙaddamar cikin watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya aje Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Dā, daga 1962 har tafiyarsu a watan Janairu na 2011, akwai Amurkawa ƴan sa-kai na Peace Corps a ƙasarmu, waɗansunsu malaman Ingilishi. Muryar Amurka kuma tun 1959 ta ƙirƙiro labarai cikin Ingilishi mai sauƙi, da kalmomi kamar 1500, ana karantawa sannu-sannu. Iyayenmu dai BBC Hausa, wadda ta soma a 1957, suke saurare, da an juya harshe su kashe rediyo don tattalin batir. Yau salula ta wadatar. A zaɓi magana ta minti guda, a saurare ta sau uku ba a duba rubutu ba, a maimaita bayan mai maganar, sa'an nan mutum ya naɗi muryarsa ya kwatanta. Jin muryar kai akwai kunya, amma nan kuskure yake fitowa fili.

A ganina, ɗan Buza ko Keita bai kamata ya wahalar da kansa wajen kwaikwayon mutanen Landan ba. Wanda zai yi ciniki da shi Ba'ashante ne ko Bayarabe, kowa da irin nasa lafazin, wani ma Ingilishin kasuwa yake yi wanda babu shi cikin littafin kwaleji. Muryoyinsu ya kamata kunne ya saba da su. In kuwa aka zo ga lissafi a waya, a ce wa mai saye ya faɗi lambobin ɗai-ɗai, “one, five”, kuma ya aiko da su a rubuce kafin a kira ƴan dako.