Gidan Devès na Ndar, da Dalilin da Ya Sa Babu Irinsa a Kornaka

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar fadar Kornaka, ko ta Tibiri, ko ta Maraɗi, ranar hawan salla ko ranar naɗin sarauta, ya ji yadda maroƙi ke ɗauko sunan mutum ya jingina shi ga na ubansa, ya jingina na uban ga na kaka, har ya dangana da wanda ya fara saran daji ya haƙa rijiya, ba ya bukatar a gaya masa cewa ilmin nasaba ya daɗe da zama a ƙasarmu. Malaman Musulunci sun ba wannan fanni daraja tun zamanin farko, har Ibn Hazm na Andalus ya wallafa littafi sukutum a kan nasabar Larabawa, malaman usulu kuwa suka lissafa kiyaye nasaba cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare su, tare da addini da rai da hankali da dukiya. Saboda haka tambayar da za mu bi a nan ba ta wasa ba ce. Faransawa sun mallaki ƙasar nan wajen shekara sittin, tun daga shigowarsu da bindiga a 1899 har zuwa ranar 3 ga Agusta 1960, amma in ka kewaya Kornaka da Dakoro da ƙauyukansu ba za ka sami gida ɗaya da za a nuna maka a ce wannan gidan Bafaranshe wane ne, ga 'ya'yansa, ga jikokinsa, ga gonarsa ta gado ba. Ina zuriyarsu ta shiga?

Ba wai Faransawa ba su san zaman gari ba ne. A Kanada, wani mai harhaɗa magunguna daga Faris, Louis Hébert, ya sauka Kebek a 1617 tare da matarsa Marie Rollet da 'ya'yansu, ya yi noma, ya mutu a can, kuma a yau dubban mutane na iya bin salsalarsu har zuwa gare shi, domin limaman coci sun rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa a daftari, har wani limami mai suna Cyprien Tanguay ya tattara su cikin mujalladi bakwai tsakanin 1871 da 1890. A Aljeriya ma sun ƙwace ƙasar noma sun zauna, har yawan Turawan can ya kai kimanin miliyan ɗaya kafin 1962. Amma misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi koyar da darasi, yana bakin kogin Senegal.

A 1659 Faransawa suka kafa sansanin ciniki a wani tsibiri da mutanen ƙasar ke kira Ndar, su kuwa suka sa masa suna Sanluwi. Abin da ya kawo su shi ne bayi da ƙaro, wato ƙaron nan da Larabawan Sahara ke tsinkowa daga itace su kawo bakin kogi, wanda masaƙun Turai ke matuƙar bukata wajen buga zane a jikin tufafi. Tun da yake matan Turawa ba su zuwa, zazzaɓi kuma yana kashe mazan da yawa, sai fataken suka shiga neman aure a cikin gari bisa al'adar ƙasar: a je wurin iyayen yarinya, a ba da dukiyar aure, a yi biki a bainar jama'a, 'ya'yan da aka haifa su ɗauki sunan ubansu su kuma ci gadonsa, in kuwa mijin ya koma ƙasarsu ba da niyyar dawowa ba, igiyar auren ta warware, matar ta riƙe gida da dukiya, tana da damar yin wani auren. Daga irin wannan aure ne manyan gidajen 'yan ruwa biyu na Ndar da tsibirin Gore suka fito, irin su Valantin da Crespin da Guillabert da d'Erneville, kuma daga cikinsu babu wanda labarinsa ya kai na gidan Devès ban sha'awa.

Tushen gidan shi ne Bruno Devès, ɗan wani gidan fatauci na birnin Bordo, wanda ya zo Ndar a farkon ƙarni na 19. Matar da ta haifa masa ɗan da ya ɗaga sunan gidan Bafillatana ce, ana kiranta Kumbel Arɗo Ka, ɗan kuwa shi ne Gaspard Devès, wanda aka haifa wajejen 1827. Ya tashi a daidai lokacin da al'amura ke juya wa 'yan ruwa biyu baya, domin manyan kamfanonin Bordo sun fara matse su a cinikin ƙaro, dokar aure ta Faransa da aka shigo da ita Senegal a 1830 ta rage wa auren al'ada ƙarfi a idon hukuma, sa'an nan soke bauta a 1848 ya raba gidaje da yawa da abin da suke ƙirgawa dukiya. Gaspard bai durƙushe tare da waɗanda suka durƙushe ba, kuma a ganina sirrin tsayuwarsa yana wajen uwa kamar yadda yake wajen uba: ta wajen uba ya sami suna da ilmin boko da hanyar shiga kasuwannin Bordo, ta wajen uwa da zaman Ndar ya sami harshe da sanin mutane da amanar sarakunan cikin ƙasa, har ya zama yana mu'amala da sarakunan Tararza na ƙetaren kogi da Lat Jor, sarkin Kayor, wanda Faransawa suka kashe a 1886. Ya riƙe muƙamin magajin garin Ndar a cikin shekarun 1870, ya rasu a 1901.

Gwamnoni ba su taɓa sakin jiki da shi ba, dalilinsu kuwa a fili yake. A 1890, da aka kashe wani jami'in mulki mai suna Abel Jeandet a yankin Fodor, hukuma ta zartar da kisa a kan waɗanda ta zarga ba tare da shari'a ta gari ba, sai ga gidan Devès cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan cewa an yi zalunci, suka kai maganar gaban alƙalai da jaridu. Ba na cewa tsantsar tausayi ne ya motsa su, domin fatake ne masu kare kasuwarsu, kuma arzikin Ndar gaba ɗayansa an gina shi a kan gumin bayi, wannan gaskiya ce da ba ta ɓoyuwa. Amma mutumin da ke da dangi a ɓangarorin biyu, wanda ya san za a binne shi a nan, 'ya'yansa kuma za su ci gaba da zama da mutanen nan bayansa, ba zai kalli ƙasa da idon da mai wucewa ke kallonta ba. 'Ya'yansa sun ɗora daga inda ya tsaya: gidan ya yi surukuta da gidan Crespin, Hyacinthe ya zauna a majalisar mulkin Senegal, Justin kuwa aka zaɓe shi magajin gari a 1909, gwamna ya tsige shi, jama'a suka sake mayar da shi a 1912, ya riƙe har rasuwarsa a 1916. Kafin nan zamani ya riga ya juya, domin an ɗauke babban birnin mulkin Afirka ta Yamma ta Faransa daga Ndar zuwa Dakar a 1902, a 1914 kuma Blaise Diagne, baƙar fata, ya kayar da François Carpot, ɗan ruwa biyu, a zaɓen wakilin Senegal a majalisar Faris.

To, a lokacin da ƙarfin irin waɗannan gidaje ke raguwa a bakin teku, a lokacin ne Faransawa suka iso ƙasar Hausa, kuma waɗanda suka iso ba fatake ba ne masu neman wurin zama, sojoji ne. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa Birnin Ƙonni da ƙasar Tasawa a 1899 da ƙone-ƙone da kashe-kashe waɗanda har yau tsofaffi ba su manta ba, kaburburan mutanen biyu kuwa suna Maijirgi. A 1900 aka kafa yankin mulkin soja, a 1922 aka mayar da Nijar ƙasar mallaka sosai, a 1926 aka ɗauke gadon mulki daga Damagaram zuwa Yamai. Kumandan yakan yi wajen shekara biyu a bariki, ya tafi hutu ƙasarsu, sau da yawa in ya dawo a tura shi wata ƙasa dabam. Ƙasar rairayi mai ƙarancin ruwa, mai nisa da teku, ba ta ja hankalin manomin Turai ba, kamfanonin da suka zo sayen gyaɗa Maraɗi kuwa, irin su CFAO da SCOA, ma'aikata suke turowa su yi wa'adinsu su koma. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma ban san wani baƙo da maganar ta fi dacewa da shi kamar Annasaran bariki ba.

Waɗanda suka yi zaman gari na haƙiƙa a ƙasar Kornaka a wancan zamani mutanenmu ne. Da hare-hare suka lafa, manoma Hausawa daga Gobir da Katsinar Maraɗi da sauran wurare suka dinga gangarowa arewa, wasu don neman sabuwar gona, wasu don gudun haraji da aikin tilas, suka haƙa rijiyoyi masu zurfi tsakanin Gulbin Kaba da kwarin Tarka, suka zauna tare da Buzaye da Fulani makiyaya. Faransawa ba su kafa barikin Dakoro ba sai a 1947, shekara goma sha uku kacal kafin tafiyarsu. Shi ya sa in ana zancen salsala a Kornaka, sunaye irin na marigayi Sanusi Tambari Jaku, ɗan siyasan nan haifaffen garin a 1940 wanda ya rasu a 2022, su ne ke zuwa baki, ba sunan wani Bafaranshe ba.

Amma kada a ɗauka ba su bar jini ba. Sun bari, sai dai sun bar shi ba suna, kuma nan ne abin baƙin cikin yake. Wani likitan soja mai suna Barot ya wallafa littafin jagora ga Turawa masu zuwa Afirka ta Yamma a 1902, a ciki ya ba su shawarar su ɗauki 'yar ƙasa su zauna da ita na ɗan lokaci domin lafiyarsu. Da yawa sun bi shawarar, kuma wa zai ce yarinyar da kumandan ya aika a ɗauko masa tana da ikon ƙi? In wa'adi ya cika sai ya ɗaure kayansa, a rubuta a takardar yaron cewa ba a san ubansa ba, alhali kowa a gari ya san shi. Abin da Ndar ta yi da sadaki da shaidu da gado, a nan an yi shi da iko da ɓoyo. Daga baya hukuma ta riƙa karɓe irin waɗannan yara daga hannun iyayensu mata tana tara su a gidajen reno, irin na Bamako da na Binjerbil, ana kiransu marayu alhali iyayensu biyu na raye, ana koya musu Faransanci don su zama akawu da malaman lakwal da ungozoma. A ranar 5 ga Satumba 1930 aka fitar da doka wadda ta ba ɗan ruwa biyu na Afirka ta Yamma damar neman zama ɗan ƙasar Faransa in ya tabbatar wa kotu cewa ubansa Bature ne, ko da ba a ambaci sunan uban ba. Wato an ba shi ƙasar uba, an hana shi uban.

Kaɗan daga cikinsu sun sami sunan, sun kuma yi fice. Georges Mahaman Condat, wanda aka haifa a Maraɗi a 1924, uba Bafaranshe, uwa 'yar ƙasa, an zaɓe shi wakilin Nijar a majalisar Faris a 1948 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka sake zaɓensa a 1951 da 1956, jam'iyyarsa ta haɗe da ta Jibo Bakari, ya shugabanci majalisar dokokin Nijar daga 1957 zuwa 1958, ya rasu a 2012. Rayuwarsa ta nuna inda zuriyar ta karkata: a Nijar ya yi siyasarsa, a cikin mutanen uwarsa, kuma haka akasarin 'yan ruwa biyun ƙasar nan suka narke cikin dangin iyayensu mata, suka yi aure a cikinsu, jikokinsu a yau Hausawa ne da Zabarmawa da Buzaye kamar kowa.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ahzab, ya yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, in kuwa ba a san ubannin ba, to, 'yan'uwa ne a addini. Hukuncin ingancin waɗancan zaman aure na malaman fiƙihu ne, amma abin da babu saɓani a kansa shi ne yaro ba ya ɗaukar laifin wanda ya haife shi, uwar da aka fi ƙarfinta kuma ba abar zargi ba ce. Laifin yana wuyan wanda ya tafi ya bar ɗansa, da hukumar da ta shafe sunansa daga takarda. Mu ma muna da namu sakaci, domin maroƙanmu da marubutanmu sun saba bin salsala ta wajen maza kaɗai, alhali da an bi wannan hanya a Ndar da sunan Kumbel Arɗo Ka ya ɓace, da kuma ba a fahimci ɗanta ba.

Takardun haihuwa da na mulki na wancan zamani suna nan a ajiye a gidajen adana tarihi na Yamai da Dakar da birnin Aix na kudancin Faransa, amma sunayen mata da na garuruwansu da na waɗanda suka yi renon yaran suna bakin tsofaffi ne kawai, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ina roƙon malaman makarantu da ɗaliban jami'ar Maraɗi da masu riƙe da sarautun Kornaka da Dakoro, kowa ya zauna da tsofaffin gidansa da alƙalami a hannu, ya rubuta salsalarsa da boko ko da ajami, ta wajen uba da ta wajen uwa baki ɗaya, tun masu sanin suna da rai.