Tun Ran Gini Ran Zane: Awon Farko a Masana'anta

Motar zamani haɗin dubban ƙananan kayayyaki ce, kuma yawancinsu ba kamfanin da sunansa ke jikin motar ne ya ƙera su ba. Kwangila ake rabawa: wannan masana'anta ta yi kusoshi, waccan ta yi birki, wata ta yi wajen sa makulli. Kowacce in ta tayar da inji, dubu-dubai take zubarwa. Inji kuwa ba ya tunani. In aka saita shi a karkace, haka zai yi ta maimaita kuskuren har sai an kashe shi.

Shi ya sa ake tsayawa a yi awon farko kafin aiki ya kankama. Ko telan da aka ba ɗinkin kayan 'yan makaranta, in ya san sana'arsa, guda ɗaya yake fara ɗinkawa a gwada kafin ya sa almakashi a sauran yadin.

A shekarar 1993 manyan kamfanonin motoci uku na Amurka, wato Ford da General Motors da Chrysler, suka fito da tsari guda da ake kira PPAP, wanda duk mai kawo musu kaya zai bi. Sharaɗinsa na farko shi ne kada a kawo samfurin da aka ɓata lokaci aka gyara da hannu don burge mai saye. Dole kayan su fito daga ainihin injin da zai yi aikin, da ainihin ƙarfen, a hannun ma'aikatan da za su ci gaba da yi. Bisa ƙa'ida, injin zai yi aiki na awa ɗaya zuwa takwas, ya fitar da aƙalla guda 300 a jere. Sannan mai awo ya baje zanen injiniya, ya ba kowane awo lamba: faɗin rami, kaurin baki, zurfin tsaga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da ya samu a gefen abin da zane ya nema. A gwada ƙarfin ƙarfen, a ajiye guda ɗaya a matsayin ma'auni, daga nan a sa hannu. Masu ƙera jiragen sama ma suna da nasu tsarin, AS9102, wanda ya ce a sake awo in an canza zane ko kayan aiki ko wurin ƙira, ko in aka yi shekara biyu ba a ƙera abin ba.

Duk wannan tsari a kan mutum ɗaya ya rataya, wato mai sa hannu. Abin da ya faru a General Motors ya isa hujja. A 2002 kamfanin Delphi ya kawo samfurin wajen sa makulli na ƙananan motoci. Gwaji ya nuna ɗan sifirin ɗin da ke riƙe makulli a mazauninsa bai kai ƙarfin da aka gindaya ba. Injiniyan General Motors da ke kula da shi ya sani, ya kuma amince. Aka saka shi a motoci irin su Saturn Ion da Chevrolet Cobalt.

Sakamakon ya bayyana a kan titi. In direba ya rataya makullai masu nauyi, ko gwiwarsa ta taɓa, ko mota ta faɗa rami, sai makullin ya juya, inji ya mutu ana cikin gudu. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iskar da ke kare direba ta ƙi buɗewa. A 2006 aka gyara kayan a ɓoye ba tare da an canza lambarsa ba, abin da ya ɓatar da masu bincike shekaru. Sai da wani injiniya, wanda lauyan iyalan wata da ta rasu ya ɗauka, ya warware tsoho da sabo ya jera su, sannan aka ga bambancin bai kai milimita biyu ba. A 2014 General Motors ya nemi a dawo da motoci kusan miliyan 2.6. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900. Gyaran da aka ƙi yi tun farko bai kai dala ɗaya a kowace mota ba.

Awo ya yi aikinsa, ya nuna aibin tun kafin a sayar da mota ko ɗaya. Amana ce ta karye. Saboda haka duk mai masana'anta, daga Ditiroyit ta Amurka har maƙeran Panteka a Kaduna, bai gama da sayen ma'auni ba sai ya ba mai awo ikon tsayar da aiki, ya kuma tsaya masa ranar da ya ce wannan bai yi ba, ko da mai kwangila na bakin ƙofa yana jira.