Ƙarancin Sabon Katin Hoto na Kwamfuta: Dalilansa da Hanyoyin Samunsa

Katin hoto wani faifan lantarki ne da ake cusawa a cikin kwamfuta domin ya ɗauki nauyin lissafin da ke fitar da hoto mai motsi a kan allo, kuma masu wasannin bidiyo da masu zanen gine-gine da masu haɗa fim su ne suka fi dogara da shi. Kamfanoni biyu na Amurka, Nvidia da AMD, su ne suka mamaye kasuwarsa, sai dai ba su ke ƙera guntun silikon da ke gudanar da aikin katin ba. Tsara shi suke yi, sannan su miƙa ƙirar ga TSMC na Taiwan ko Samsung na Koriya ta Kudu. Da yake gina irin wannan masana'anta yana cin shekaru da biliyoyin daloli, ba a iya ƙara yawan kayan cikin gaggawa idan buƙata ta hauhawa, kuma nan ne tushen matsalar yake.

An ga haka a fili ranar 17 ga Satumba, 2020, lokacin da Nvidia ta fitar da katin RTX 3080 a kan dala 699, wanda ya ƙare a shagunan intanet cikin 'yan mintoci. Annobar korona ta tsare mutane a gida, ta ƙara masu son saye, ta kuma kawo cikas ga sufuri. Masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, wato masu amfani da ƙarfin lissafin katin domin tabbatar da hada-hadar kuɗin a biya su lada, suka shiga kwasar katunan da yawa, har Nvidia ta fito da samfurin da aka rage wa ƙarfin haƙa a 2021. Sai kuma 'yan baranda, waɗanda ke sakin manhajar da ke cike takardar saye da saurin da hannun mutum ba zai kai ba, su kwashe kayan, su sake sayarwa a shafin eBay da riba mai tsoka.

Wannan yanayi ya sa 'yan kasuwa suka ƙirƙiro hanyoyin raba kaya bisa adalci. Kamfanin EVGA ya buɗe layi, inda mai saye zai yi rajista ya jira saƙon cewa an zo kansa. Shagon Newegg ya koma ƙuri'a, ana zaɓar wanda zai samu damar saye. Wasu shaguna kuma suka ƙayyade kati ɗaya ga mutum ɗaya. Mai neman kati yakan ci riba idan ya yi rajista a wurare da dama, ya ajiye bayanan biyansa tun da wuri, ya kuma amince da kowane samfuri daga kamfanonin haɗa kati irin su Asus ko MSI ko Gigabyte, tunda guntun da ke cikinsu iri ɗaya ne. Wajibi ne kuma ya duba ko na'urar ba da wuta ta kwamfutarsa za ta iya ɗaukar katin kafin ya biya.

Farashi ya sauko sosai a 2022, shekarar da darajar kirifto ta faɗi kuma Ethereum ta daina dogara da haƙa a watan Satumba, amma ƙarancin ya dawo a ƙarshen Janairun 2025 da fitowar RTX 5090 mai farashin dala 1,999, a daidai lokacin da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke neman guntayen Nvidia ruwa a jallo. Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne cewa tsadar watannin farko ba ta dawwama, kuma duk wanda ya biya ɗan baranda ninkin kuɗi ya ƙarfafa masa gwiwar sake kwashe kaya. Wanda sana'arsa ba ta tilasta masa sayen sabon katin ba, ya fi masa alheri ya sayi na zubin baya, ko ya jira kasuwa ta daidaita.